Gaban dandamali ba na mai kuɗi kaɗai ba ne

A manyan wasannin waƙa na yanzu akwai wani shingen ƙarfe da ke raba fili gida biyu. Ba wanda ke tsakanin mawaƙi da jama'a nake nufi ba, wannan dole ne a yi shi. Ina nufin na biyun, wanda ake gittawa a tsakiyar 'yan kallo su kansu. Daga shi zuwa bakin dandamali wurin waɗanda suka biya ninki biyu ne ko uku. Daga shi zuwa baya kuwa na sauran jama'a ne. A ƙofarsa akwai mai gadi wanda ba shi da aiki sai duba wuyan hannu. In launin robar da aka ɗaura maka ya dace, ka wuce. In bai dace ba, ya nuna maka baya da haɓa, ko bakinsa ba zai buɗe ba.

Tun da sauran rana bayan shingen yake cika maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, gajeru suna ɗage, kowa na neman 'yar kafar da zai hango fitilun dandamali. Gaba kuwa sarari ne fetal har ana ganin ƙasa, domin masu wurin sun san ba mai taɓa musu shi, sai sun ga dama za su iso. Ƙaramin mawaƙin da aka sa ya buɗe taro sai ya fito ya tarar da fili a gabansa, mutanen da suke sauraronsa suna can nesa ba ya ko ganin fuskokinsu. Idan masu wurin suka iso, da yawa cikinsu waƙar ce ta kawo su tsakani da Allah, sun yi wata da watanni suna tara kuɗin. Amma akwai wani kaso ba ƙarami ba da kamfaninsu ne ya saya musu tikitin, ko suka zo domin a ce sun zo. Su ne za ka ga sun juya wa mawaƙi ƙeya suna ɗaukar hoto, suna hira da ƙarfi a daidai baitin da na baya ke rerawa da hawaye.

Ni dai a ganina kuɗi na iya saya wa mutum kujera mai laushi, da inuwa, da mai kawo masa abin sha, da wurin ajiye mota kusa da ƙofa. Duk wannan ba ni da ja a kai. Abin da ban yarda ba shi ne a mayar da kusanci da mawaƙi gaba ɗaya kayan sayarwa, har ya zama wanda ba shi da hali ba shi da wata hanya ta kaiwa gaba, komai son da yake yi wa waƙar, komai sammakonsa.

Na san amsar da za a ba ni: iya kuɗinka, iya shagalinka. Kuma amsar tana da ƙarfinta, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tun da cinikin faifai ya faɗi, sauraron waƙa ya koma intanet inda abin da ke shiga aljihun yawancin mawaƙa bai taka kara ya karya ba, wasa a gaban jama'a ya zama babbar hanyar cin abincinsu. Wasan kuma yana cin kuɗi. Akwai hayar wuri, da motocin ɗaukar kaya, da masu haɗa lasifika da fitilu, da makaɗa, da inshora, da ɗaruruwan ma'aikata da ba wanda ke ganinsu. Shekarar 2020 ta zo ta rufe komai, mutane da yawa suka bar sana'ar, da aka dawo kuma komai ya yi tsada. Masu shirya wasa sukan ce tsadar tikitin gaba ita ke sa na baya ya yi sauƙi, mai hali ne ke ɗauke wa maras hali wani ɓangare na nauyin. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ban ce a yi wa kowa farashi ɗaya ba.

Sai dai a tsaya a duba me ake sayarwa a wasan waƙa. In sautin kawai mutum yake so, wanda aka ɗauka a situdiyo ya fi fita tsaf, kuma yana iya jin sa a ɗakinsa ba turereniya. Abin da ke fitar da mutum daga gida, ya sha layi, ya sha tsayuwa, shi ne lokacin da mawaƙi zai yi shiru ya miƙa wa jama'a makirufo, dubban muryoyi su ɗauki amshi a tare har ƙasa ta riƙa motsi. Wannan ne ba a iya ɗauka a faifai. To wa ke yin sa? Mawaƙin shiru ya yi. Masu yin sa su ne jama'a, kuma mafi yawansu suna bayan shinge. Su ne suka haddace kowane baiti, su ne ke ihu, su ne ke ɗaga fitilun waya har filin ya yi kyaun da za a saka a tallan wasa na gaba. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa ya zauna a gaba, wani ɓangare na abin da ya saya muryar na baya ce. A kwashe su a bar shi da 'yan'uwansa a fili, shi da kansa zai nemi a mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka na baya ba alfarma aka yi musu da aka bar su suka shigo ba. Da guminsu ake haɗa kayan da ake sayarwa, sannan su ne ake turawa inda ba sa ganin komai sai majigi. Kamar ka kira mutum ya taya ka kafa rumfa ne, da aka gama ka ce ya koma rana.

Mawaƙa sun fi kowa sanin haka, don su ke tsaye suna kallon fuskokin. Billy Joel, mawaƙin Amurka, ya daɗe da daina sayar da layukan farko a wasanninsa. Ya sha bayyana cewa ya gaji da leƙawa ƙasa ya ga attajirai zaune kamar an dasa su. Sai ya riƙa tura ma'aikatansa can ƙurya, kujerun da suka fi arha, su ɗebo mutane su kawo su gaba. Asarar kuɗi ce a kowane dare, amma ya ga wasansa ya fi armashi a haka.

Wannan rabe-raben ya girmi lasifika da filin ƙwallo. Gidan waƙar opera na La Scala da ke Milan a Italiya, wanda aka buɗe a 1778, attajiran garin ne suka biya kuɗin gininsa, aka saka musu da mallakar ƙananan ɗakunan da ke kewaye da zauren hawa-hawa. Kowane gida da ɗakinsa, suna ƙawata shi yadda suke so, suna karɓar baƙi a ciki, 'ya'ya suna gada, aka fi shekara ɗari a haka. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa can ƙololuwar bene ake tura su, dab da rufi. Amma har yau mutanen benen nan ne mawaƙa suka fi tsoro, domin su ne suka san waƙar ciki da bai, ba sa kuma ɓoye ra'ayinsu. A Disambar 2006 suka yi wa shahararren mawaƙi Roberto Alagna ihun ba-ma-so, ya fice daga dandamali ana tsakiyar wasa, wanda ya maye gurbinsa ya shigo da kayan jikinsa ko sauyawa bai samu ya yi ba. Ko an yarda da abin da suka yi ko ba a yarda ba, ya nuna inda kunnuwan da suka fi kaifi suke zama a gidan.

A Landan kuma akwai zauren Royal Albert Hall da aka buɗe a 1871. Da za a gina shi, an sayar da kujeru a kan yarjejeniyar shekara 999, kuma har yanzu fiye da kujeru dubu cikin dubu biyar da 'yan kai na zauren mallakin wasu mutane ne, suna gadonsu, suna sayarwa. An sha yin ce-ce-ku-ce a Ingila kan yadda wasu masu kujerun ke sayar da tikitinsu da tsada mai yawa. Amma a wannan zauren ne dai ake yin abin da ya fi burge ni a duk wannan magana. Kowace bazara ana shafe kimanin mako takwas ana jerin wasannin kiɗa da ake kira Proms, waɗanda Robert Newman da Henry Wood suka fara a 1895 da niyyar jawo talakan gari zuwa ga kiɗan da ake ɗauka na manya ne. A tsakiyar zauren, daidai gaban makaɗa, ba a sa kujeru. Wurin tsayuwa ne, ana sayar da tikitinsa a ranar wasan, kuma shi ne mafi arha a gidan, bai kai fam goma ba. Ɗalibi da ma'aikacin da ya taso daga aiki su ne ke tsaye taku kaɗan daga manyan makaɗan duniya, suna jin numfashin mai busa, masu kujerun tsada suna kewaye da su daga baya. Fiye da shekara tamanin ana haka a wannan zauren, bai rushe ba, masu kuɗi ba su daina zuwa ba. Wanda ke son hutu ya biya ya zauna, wanda ke son kusanci ya biya da ƙafafunsa. Duk wanda ya ce tsarin da muke gani a filayen wasa yanzu shi ne kaɗai mai yiwuwa, a nuna masa wannan.

Akwai kuma tarihin da ya fi wannan ɗaci. A Amurka an yi zamanin da launin fata ke yanke wa mutum inda zai zauna. A gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, inda makaɗi Duke Ellington ya yi suna daga 1927, baƙar fata ne ke kiɗa da rawa, amma masu kallo farare ne. A garuruwan kudu akan gitta igiya a tsakiyar zaure, ko a tura baƙaƙe bene. Ba ina daidaita wannan da shingen kuɗi ba ne. Wancan zalunci ne da doka ta ɗaure wa gindi, kuma mutum ba ya iya tara kuɗi ya sauya fatarsa. Na kawo shi ne saboda rawar da mawaƙa suka taka. Mawaƙi Ray Charles ya ƙi yin wasa a Augusta ta jihar Jojiya a 1961 da ya ji za a ware masu kallo. A Satumbar 1964 'yan ƙungiyar Beatles suka ce ba za su hau dandamali a Jacksonville ta jihar Fulorida ba muddin aka raba jama'a, aka kuwa yi wasan ba a raba ba, daga baya ma suka sa sharaɗin a rubuce cikin kwantiraginsu. Mawaƙin da jama'a ke rububinsa yana da iko a kan yadda za a tsara filin da zai yi wasa. Idan ya ce masu shirya taro ne suka yi, shi ba ruwansa, yawanci bai so ya yi amfani da ikon ba ne.

A yau ma tun kafin a kai bakin ƙofa ake fara tace mutane. Ranar da aka ce za a buɗe sayar da tikiti, kaso mai tsoka ya riga ya tafi. Binciken da ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar a 2016 ya gano cewa a manyan wasannin da ya duba, fiye da rabin tikitin ba ya isa kasuwar kowa-da-kowa. Wani ɓangare an ajiye wa na-gida da abokan hulɗa, mafi yawa kuma an sayar tun da wuri ga wasu rukunoni, irin masu riƙe da katin wani banki. Ragowar ita jama'a za su yi wa layi a intanet, suna gasa da manhajojin 'yan bumburutu masu kwashe ɗaruruwan tikiti cikin ƙiftawar ido don a sake sayarwa da tsada.

Sai kuma farashin da ke hawa gwargwadon yawan masu nema. A 2022, da aka fara sayar da tikitin rangadin mawaƙin Amurka Bruce Springsteen, wasu kujeru sun haura dala dubu huɗu. Kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya ce kaɗan ne suka kai haka, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma Springsteen ya yi rayuwarsa yana waƙar ma'aikacin masana'anta da wanda aka sallama daga aiki, su ne suka ɗauke shi a kafaɗa shekara da shekaru. Mujallar masoyansa mai suna Backstreets, wadda ta fara fita tun 1980, ta rufe a 2023, kuma masu ita sun ambaci wannan lamari cikin abin da ya sanyaya musu gwiwa. A ƙarshen Agustan 2024 aka ga irin haka a Birtaniya da tikitin ƙungiyar mawaƙa ta Oasis. Mutane suka yi sa'o'i a layin intanet suna jiran tikitin tsayuwa na kusan fam 150, da layi ya zo kansu suka tarar ya koma sama da fam 350, ga agogo yana ƙirga musu 'yan mintunan da za su yanke shawara. Ka yi tunanin uwar da ta yi wa ɗanta alkawari, ta ware abin da za ta iya, ta bar aikinta tun safe tana gadin waya. Ko ta ci bashin da ba ta shirya ba, ko ta koma ta ce masa bai yiwu ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike, kuma cikin abin da ta nuna damuwa a kai har da wasu tikitin da aka laƙaba wa suna mai ƙyalli aka sayar fiye da ninki biyu, alhali ba su fi na kusa da su da komai ba.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne mai saye ba shi da wani wurin zuwa. Tun 2010 Ticketmaster da Live Nation suka zama kamfani ɗaya, wanda ke shirya rangadi, yana gudanar da ɗakunan wasa da yawa, yana kuma sayar da tikitin. A Mayun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka da jihohi da dama suka maka shi a kotu bisa zargin danne kasuwa. Masu kare tsadar sukan ce in mawaƙi bai karɓi kuɗin ba, 'yan bumburutu ne za su karɓa, gara ya shiga aljihun mai waƙar. Wannan hujja tana tsayuwa ne kawai in an ɗauka ba yadda za a yi da 'yan bumburutu, alhali akwai. Bikin waƙa na Glastonbury a Ingila ya fara buga hoton mai saye a jikin tikiti tun 2007, ba ka shiga da na wani. Ƙasar Ailan ta yi doka a 2021 da ta hana sake sayar da tikitin manyan wurare sama da farashinsa na asali. A 2023 Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi yarda da farashi mai hawa a rangadinsu na Amurka, ya hana a riƙa juya tikiti daga hannu zuwa hannu don riba, ya bar wasu kujeru a dala 20. Da ya ga kuɗin hidimar da kamfani ya ɗora a wasu wuraren ya fi kuɗin tikitin kansa, ya fito fili ya yi magana har aka mayar wa mutane dala biyar zuwa goma. Rangadin ya cika ɗakuna, ba a ji sun yi asara ba.

To idan ba kuɗi ba, da me za a raba gaba? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce wanda ya riga zuwa ya riga samu. Ina son wannan tsarin fiye da na kuɗi, amma shi ma yana da waɗanda yake zalunta. Wanda zai iya kwana a layi mutum ne mai lokaci da ƙarfin jiki. Ma'aikaciyar asibitin da sai magariba take tashi, da mai goyo, da dattijo, da mai keken guragu, duk an fitar da su tun ba a fara ba. Yana kuma da haɗari in aka yi sakaci. A Disambar 1979 mutum goma sha ɗaya suka mutu a turmutsutsu a ƙofar wani zaure a Cincinnati kafin wasan ƙungiyar The Who, dubban mutane masu tikitin da ba lambar kujera suna rige-rigen kaiwa gaba ta ƙofofi kaɗan da aka buɗe. Garin ya hana irin wannan tsari na kusan shekara 25.

Shi ya sa nake ganin a gauraya hanyoyin. A bar wani yanki na gaba ga masu sammako, a ba su lamba tun a layi don kada a yi gudu. A ware wani yanki a yi ƙuri'a a kansa tsakanin duk wanda ya sayi tikiti, ko na nawa ne. Ƙungiyar Coldplay na sayar da wasu tikiti bibbiyu a farashi mai rahusa, mai saye bai san inda zai zauna ba sai daga baya, yana iya faɗawa can sama, yana iya faɗawa wuri mai kyau. Masu buƙata ta musamman a ba su wuri mai kyau na gaske tare da abokan tafiyarsu, a daina manna su a lungu bayan tulin lasifika. Wurin manyan baƙi kuma a kai shi gefe ko bene, inda za su samu hutun da suka biya ba tare da sun zama katanga tsakanin mawaƙi da jama'arsa ba. In ma dole sai an sayar da wani ɓangare na gaba da tsada, a tsaga filin a tsaye maimakon a kwance, rabi nasu rabi na kowa, yadda mai tikitin arha zai iya taɓa shingen dandamali shi ma.

Akwai kuma abubuwan da ko kusa bai kamata launin roba ya shiga cikinsu ba: ruwan sha, da banɗaki, da hanyar fita, da masu agajin gaggawa. A wurare da yawa na gaba suna da banɗakinsu mai tsabta ba layi, na baya kuwa dubbai ne a kan 'yan ƙalilan, mace ta yi rabin sa'a a layi, waƙar da ta zo dominta ta wuce tana tsaye. Ruwa kuma ya zama hanyar tatsa, an hana ka shigo da naka, an tsuga wa na ciki kuɗi. A bikin waƙa na Woodstock da aka yi a Amurka a 1999 an sayar da gorar ruwa dala huɗu cikin tsananin zafi, kuma wannan na cikin abin da ya harzuƙa jama'a har taron ya ƙare da ƙone-ƙone. A Nuwamban 2023 wata matashiya ta rasu a wasan Taylor Swift a Rio de Janeiro ana zafi mai tsanani, masu kallo suka koka cewa an hana su shiga da ruwa. Nan da nan gwamnatin Barazil ta ba da umarnin a bar mutane su shiga da gorarsu, a kuma samar da ruwa kyauta a irin waɗannan taruka. Ba sai an rasa rai ya kamata a gane haka ba.

Har da yadda ake yi wa mutum magana. Mai gadin da ke rusunawa yana cewa ranka ya daɗe a wannan ƙofa, shi ne ke daka tsawa yana tura ƙirji a waccan. Ba na ɗora masa laifin duka, shi ma ɗan ƙwadago ne da aka tsayar tun safe, kuma an nuna masa waɗanda in suka yi ƙorafi zai rasa aikinsa. Tsarin ne ya koya masa cewa mutanen filin kashi biyu ne. Matashin da wannan ne wasansa na farko yana ɗaukar darasin ya tafi da shi gida.

Wani zai ce wannan duk harkar kasuwa ce, me ya kawo maganar adalci cikin nishaɗi? Da yawa daga filayen da ake waɗannan wasanni da kuɗin jama'a aka gina su, ko aka ba su ƙasa da sassaucin haraji. 'Yan sandan da ke tsare hanya, da jiragen ƙasa da motocin da ake ƙarawa a daren, da titin da ake rufewa, da maƙwabtan da ke haƙuri da ƙara, duk jama'a ne. Wasu gwamnatoci ma sun yarda cewa shiga irin waɗannan wurare haƙƙi ne da ya kamata matashi ya ɗanɗana: Italiya ta fara ba 'yan shekara 18 Yuro 500 na harkokin al'adu a 2016, Faransa da Sifen da Jamus suka biyo baya da nasu. Niyya ce mai kyau, sai dai in ba a taɓa yadda ake tsara farashi da rabon wuri ba, kuɗin zai bi ta hannun matashin ne kawai ya wuce aljihun kamfani, shi kuma ya ƙare a bayan shinge.

Hukumar da ke ba da lasisin taro tana da damar gindaya sharaɗi, kamar yadda take gindayawa a kan yawan ƙofofi da na'urar kashe gobara. Mafi sauƙin abin da za ta fara da shi shi ne tilasta bayyana gaskiya kafin a buɗe ciniki: tikiti nawa ne gaba ɗaya, nawa aka ajiye wa na-gida, nawa aka riga aka sayar ta bayan fage, nawa ne a kowane farashi tare da duk kuɗin hidima, kuma a ina za a gitta shingen. A buga taswirar filin kowa ya gani, da sunan mawaƙin a samanta, domin masoyansa su san abin da ya sa wa hannu kafin su shiga layi.